Farar Albasa a Tsakiyar 'Yar Galmi

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Birnin Ƙonni ta nufi Madawa da Maraɗi a watannin Maris da Afrilu, ba sai an gaya masa ya shigo ƙasar albasa ba. Daga Tsarnawa har Galmi buhuna ne jibge a bakin kwalta, manyan motoci na lodi zuwa Akara da Abijan da Lome da Kwatano, wasu kuma su gangara kudu su ƙetara iyaka su shiga Sakkwato. Nijar na noma albasa fiye da tan miliyan guda a shekara, kuma jihar Tawa ce ke gaba, musamman kwarin Maggiya da ya ratsa gundumomin Malbaza da Ƙonni, da fadamun da ke kewaye da Illela.

A wannan kasuwa launi kuɗi ne. Mai saye a Akara ba ya tambayar sunan gona. Ɓawon yake dubawa, wannan jan mai sirkin shuɗi da aka san 'yar Galmi da shi. Shi ya sa manomi ba ya jin daɗi idan ya tono gadonsa ya tarar da farare jefi-jefi, ko masu launin da ya koɗe, alhali ya san jar albasa ya zaɓa ya adana a rudu, ita ya mayar ƙasa ta yi fure, irinta ya yafa. A bakin manoma sai a ce iri ya gauraya, ko iri ya lalace. Wani ya zargi wanda ya sayar masa, wani ya zargi maƙwabcin lambu. Bahaushe ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. A nan ma halin uwarta ba ta yi ba. Bayanin wannan lamari yana cikin wani ɗan tsari na DNA da masana suka shafe shekaru da dama suna bincike a kai, wato juyayyen maimaici. Ina ganin manomin Galmi ya fi kowa haƙƙin sanin labarinsa, domin a gonarsa abin ke aiki.

Haruffa huɗu da igiya biyu

DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon kowane mai rai, rubutu ne da haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. Silli biyu ne a murɗe, kuma suna da ƙa'idar haɗuwa da ba ta sauyawa: A na kama T, G na kama C. Idan silli ɗaya ya ce TTACG, abokinsa dole ya ce AATGC. Wannan tsari ne James Watson da Francis Crick suka bayyana a 1953, bisa hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin.

To, a wasu wurare sai a sami silli guda ya ce TTACG, ya wuce wasu haruffa, sannan ya ce CGTAA. Dubi na biyun da kyau: abokin na farkon ne, amma an karanto shi daga ƙarshe zuwa farko. Wannan shi ne juyayyen maimaici. Tun da kowane harafi na ɓangaren farko yana da abokin kamawa a ɓangare na biyu, sillin na iya lanƙwashewa ya kama kansa, kamar yadda ake ninke igiyar guga biyu bakinta ya haɗu da gindinta. Idan silli biyun duka suka yi haka a wuri guda, sai DNA ya fitar da reshe hagu da dama. Irin wannan lanƙwasa alama ce da sinadaran aiki na cikin ƙwayar halitta, wato sel, ke ganewa. Wani wuri tana nufin "tsaya nan", wani wuri "yanka nan", wani wuri kuma "ɗauke ni daga nan".

Na ƙarshen shi ne ya shafi albasa.

A shekarun 1940, wata masaniya Ba'amurkiya, Barbara McClintock, tana nazarin masara a cibiyar Cold Spring Harbor da ke jihar New York. Abin da ya ɗauki hankalinta shi ne ƙwayoyin masara masu ɗigo-ɗigo, fari da ja a ƙwaya guda. Bayan shekaru tana haɗa iri tana ƙirga ƙwayoyi, ta ce akwai gutsattsarin gado da ba sa zama wuri ɗaya: suna tashi daga nan su sauka can, kuma idan suka sauka a kan ƙwayar gadon da ke ba da launi sai su kashe ta, idan suka tashi launi ya dawo. Ta kira su Ac da Ds; mu ce musu 'yan tsalle. Da ta gabatar da wannan a 1951, yawancin abokan aikinta ba su karɓa ba, domin a lokacin an ɗauka kowace ƙwayar gado tana da mazauninta na dindindin. Sai a 1983, tana da shekara 81, aka ba ta kyautar Nobel. A wannan shekara ce Nina Fedoroff da abokan aikinta suka ware Ac ɗin kansa, daga baya aka ga yadda yake: a bakinsa da gindinsa akwai haruffa 11 na juyayyen maimaici. Waɗannan haruffa su ne maɗauki. Sinadarin da ke yanko ɗan tsallen yana kama su ne, ya haɗa bakin biyu, ya cire gutsuren, ya dasa shi a wani wuri.

Daga nan aka gano cewa 'yan tsalle masu irin wannan maɗauki sun cika duniyar masu rai. Waken Turawa mai yamutsattsen jiki da Gregor Mendel ya yi gwajinsa na gado da shi a ƙarni na 19, an gano a 1990 cewa ɗan tsalle ne irin na gidan Ac ya faɗa cikin ƙwayar gadon da ke sarrafa sitaci. A cikin ƙwayoyin cuta kuwa, irin waɗannan gutsattsarin na cikin manyan hanyoyin da ƙarfin jure wa magani ke ƙaura daga wata ƙwayar cuta zuwa wata.

Yadda ja ke komawa fari

Jan albasa sinadari ne da ake kira antosayanin, dangin wanda ke rina soɓorodo da karan dafi. Ba ƙwayar gado guda ke yin sa ba; jerin matakai ne, kowane mataki da mai aikinsa, sannan akwai wasu ƙwayoyin gado da aikinsu shi ne ba da umarnin a fara. Idan aka kashe mataki ɗaya a tsakiya sai a sami albasa rawaya. Idan aka rage ƙarfin wani matakin sai launi ya koɗe. Idan kuwa mai ba da umarnin aka kashe, babu launi ko kaɗan.

Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan shi ne Sunggil Kim na Jami'ar Chonnam a Koriya ta Kudu. A 2020, shi da abokin aikinsa suka wallafa cewa a fararen albasar da suka bincika, wani gutsure mai haruffa 577 ya sauka daf da farkon ƙwayar gado mai ba da umarni, wadda suke kira AcB2, ya hana ta aiki. Gutsuren yana da juyayyen maimaici mai haruffa 7 a kowane baki, kuma alamunsa sun nuna ɗan gida ɗaya ne da Ac na McClintock. Suka sa masa suna AcWHITE. Kafin nan, rukunin Kim ya nuna cewa wani ɗan tsallen ne ya zauna a gaban wata ƙwayar gado mai suna ANS ya rage mata ƙarfi, har albasa ke fitowa da ja mai haske maimakon mai duhu.

Ga inda abin ya zama na manomi. Albasa, kamar mutum, tana karɓar kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Irin wannan farin ba ya bayyana sai kwafin biyu duka sun mutu. Albasar da ke da kwafi ɗaya mai rai, ɗaya matacce, tana fitowa da launinta, kuma a ido ba kasafai za a raba ta da sauran ba. Manomi zai ɗauke ta da hannunsa, ya yaba kyanta, ya sa ta a rudu a matsayin uwar iri. Idan furenta ya haɗu da furen wata mai ɗauke da irin wannan ɓoyayyen, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu za su fito farare. Ba wanda ya yi ha'inci. Abin yana cikin irin tun shekarun baya, yana jiran ya gamu da ɗan'uwansa.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa tsince farare a jefar, ko da yake yana taimakawa, ba ya kawar da su gaba ɗaya: waɗanda aka gani ake cirewa, masu ɗauke da shi a ɓoye suna nan. Ya kuma bayyana muhimmancin tazara. Albasa ba ta cika barbarar kanta ba. Ƙudan zuma da ƙudaje ke kai garin fure daga wannan kai zuwa wancan. Kuma a Nijar akwai farar albasa da ake nomawa da gangan, farar Galmi da farar Sumarana ta wajen Maraɗi, waɗanda ke da nasu masu so. Idan gonar irin fara tana kusa da gonar irin ja, ƙuda ba ya tambayar iyaka. Shi ya sa ƙa'idojin noman iri ke neman a bar tazarar kusan kilomita guda ko fiye tsakanin nau'i da nau'i. A fadamar da kowa ke da ɗan gadonsa manne da na ɗan'uwansa, wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai ƙauye ya zauna ya yarda wane gefe ne na wane iri.

Kundin da ya fi na mutum girma

Mai karatu na iya tambaya: in dai haka ne, me ya hana a karanta DNA na albasa gaba ɗaya tun tuni a huta? Girmansa ne ya hana. Kundin gadon ɗan Adam yana da haruffa kusan biliyan 3. Na albasa kusan biliyan 16 ne, wato ninki biyar, a cikin kuromosom tagwaye 8 kawai. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan tuli maimaici ne, galibi gawarwakin 'yan tsalle da suka taru tsawon miliyoyin shekaru. Mafi yawansu wani gida ne daban da ke kwafar kansa, mai maimaici miƙaƙƙe a bakinsa. Masu juyayyen maɗauki su ne tsiraru, sai dai sun fi son sauka kusa da ƙwayoyin gado masu aiki, shi ya sa tasirinsu ya fi yawansu.

Na'urorin karanta DNA da aka fi amfani da su suna daddatsa shi ne zuwa gutsattsari na haruffa ɗari da 'yan kai, su karanta, sannan kwamfuta ta haɗa. Idan jimla ɗaya ta maimaitu sau dubu, kwamfuta ba ta san wane gutsure ne na ina ba. Juyayyen maimaici ya ƙara da nasa: yana lanƙwashewa ya kama kansa ana tsakiyar aiki, kuma kwamfuta na iya ɗaukar kwafi biyu a matsayin ɗaya. An kammala kundin dawa a 2009, na gero a 2017 ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT, amma na albasa sai a 2021 masanan Wageningen a ƙasar Holan suka fitar da zubin farko mai haruffa biliyan 14.9. Ko na mutum ma, wuraren maimaici ne suka hana a ce an gama har 2022, kuma kuromosom Y na maza, wanda ke da manyan juyayyun maimaici guda takwas, sai a 2023. Abin da ya buɗe hanya shi ne sababbin na'urori masu karanta dubban haruffa a ja ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, MinION, tana shiga aljihu, kuma an yi aiki da ita a Gini lokacin Ebola a 2015.

Akwai wani juyayyen maimaicin a albasa da ba ya tsalle ko'ina. A cikin koren ganye akwai ƙananan ɗakuna da ke mayar da hasken rana abinci, kuma suna da nasu ɗan DNA mai siffar zobe. Na albasa haruffa ne kusan 153,000, kuma a cikinsu akwai wani yanki na kimanin 26,000 da aka rubuta sau biyu, ɗaya yana fuskantar ɗaya. Gero da dawa da wake da gyaɗa duk suna da shi. Masana sun lura cewa kuskuren rubutu yana taruwa a hankali a wannan yanki fiye da sauran zoben, domin kwafi ɗaya na zama ma'aunin gyara ɗayan. Wannan zobe ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, don haka masu kiwon iri ke amfani da shi su gane tsatson uwa. Michael Havey na Jami'ar Wisconsin ya yi amfani da bambance-bambancen cikinsa wajen raba albasa mai cikakken fure da wadda furenta ba ya fitar da garin namiji. Wannan ta biyun, wadda Henry Jones ya tsinta a Kalifoniya a 1925, ita ce tushen yawancin irin albasa haɗi na gwangwani da kamfanoni ke sayarwa, wanda manomi ba ya iya ajiye 'ya'yansa ya sami irin abin da ya shuka.

Gero ma yana da nasa labarin, kuma ya fi kusa da gida. Kakanninmu sun horar da gero daga ciyawar daji fiye da shekara 4,000 da suka wuce a yammacin Sahara, kuma geron dajin har yanzu yana tsiro a arewacin Nijar. Babban bambancinsu a tsayuwa shi ne na daji yana yin 'ya'ya barkatai daga gindi da gaɓoɓi, na gida kuwa kara kaɗan da manyan zangarniya. Shibra, wadda kowane manomin Adar ya sani, mai saurin nuna da zubar da ƙwaya, wadda ake rage yunwar bazara da ita kafin kaka, tana tsakanin biyun. Rukunin Thierry Robert na Jami'ar Paris-Sud a Faransa ya gano wani gidan ƙananan 'yan tsalle masu juyayyen maimaici a gero a 2006, suka sa masa sunan Abzinawa, Tuareg. Ɗaya daga cikinsu yana zaune a wutsiyar ƙwayar gado PgTb1, wadda ke danne yawan reshe. A 2013 suka auna shi a rukunonin gero 35: kusan babu shi a na daji, amma a na gida yawansa na sauyawa daga yamma zuwa gabas. Sun nemi shaidar cewa zaɓin manoma ne ya jawo haka, ba su samu ba, kuma suka faɗi hakan ƙarara. Ina girmama wannan, domin ba kowane gutsuren da aka gani kusa da muhimmiyar ƙwayar gado ba ne yake yin wani abu. A dawa kuwa shaidar ta fi ƙarfi: a 2007 Jurandir Magalhaes na Barazil da Leon Kochian na Amurka suka nuna cewa dawar da ke jure ƙasa mai tsami tana da ƙarin kwafin wani ɗan tsalle irin wannan a gaban ƙwayar gadon SbMATE.

Ba a gona kaɗai tsarin ya yi aiki babba ba. Almakashin farko da masana suka samu na yanka DNA, irin su EcoRI mai neman GAATTC, juyayyen maimaici suke ganewa. CRISPR, dabarar gyara DNA wadda ta jawo wa Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna kyautar Nobel a 2020, daga irin wannan maimaici na ƙwayoyin cuta ta samo asali. Da ita aka haɗa maganin sikila da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, a kan dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, kuɗin da ya fi ƙarfin kusan duk iyalan ƙasar Hausa da cutar ke addaba.

Wa ke riƙe da rubutun?

'Yar Galmi ba daga ɗakin bincike ta faro ba. Manoman Maggiya ne suka yi ta zaɓe shekara da shekaru, sannan masanan cibiyar IRAT ta Faransa suka tace ta kafin aikin ya koma hannun INRAN, hukumar binciken noma ta Nijar da aka kafa a 1975. A ƙarshen shekarun 2000 aka wayi gari da labarin cewa wani kamfanin iri mai mazauni a Senegal ya nemi hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashe 17 daga Yawunde, ta ba shi haƙƙi a kan irin albasa mai suna Violet de Galmi. Ƙungiyoyin manoma suka tashi, gwamnatin Nijar ta ƙalubalanci buƙatar, kamfanin ya sauya suna zuwa Violet de Damani. Daga baya OAPI ta yi wa albasar Galmi rajista a matsayin kaya mai alamar asalin wuri, kamar yadda ta yi wa kilishin Nijar.

An kare suna, kuma nasara ce. Amma suna daban, iri daban. Ranar da za a sake irin wannan jayayya, tambayar da za a yi ita ce: da me za ku nuna wannan albasar taku ce? Launi da ɗanɗano da daɗewa a rudu hujja ce, sai dai ƙasa da ruwa na sauya su. Wuraren da 'yan tsalle suka sauka kuwa ba sa sauyawa da taki ko ban ruwa. Da wuya ƙwarai ɗan tsalle ya sauka a kan harafi ɗaya sau biyu a tsatso daban-daban, don haka albasa biyu da ke ɗauke da shi a wuri guda kakansu ɗaya. Wannan shaida ce ta dangantaka mai ƙarfi, kuma abin da ke damuna shi ne kundin albasar da duniya ke aiki da shi an karanta shi ne daga irin da ba namu ba.

Aikin da ake bukata bai kai karanta haruffa biliyan 16 ba. Gano ko albasa na ɗauke da gutsure mai haruffa 577 gwajin PCR ne, irin na'urar da aka yi gwajin korona da ita a Yamai da Kano da Sakkwato. Ana yankar ɗan ganye, a ware DNA, a ninka wurin da ake nema. Idan gutsuren na nan layin ya fito dogo, in babu ya fito gajere, mai ɗauke da shi a ɓoye kuma ya nuna layi biyu. Ɗalibin digiri na biyu a jami'ar Tawa, ko Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na iya karɓar uwayen iri daga rudun Galmi da Dogarawa da Malbaza da Illela da Ƙonni, da izinin masu su, ya amsa tambayoyi biyu masu amfani: shin farar Galmi ta hanyar AcWHITE ta zama fara ko ta wata hanya, kuma kashi nawa na jajayen uwaye ke ɗauke da fari a ɓoye. Ƙungiyar ANFO ta masu harkar albasa na iya amfani da sakamakon ta ware uwaye masu tsabta ga masu noman iri. Sharaɗi ɗaya zan dage a kai: sakamakon ya dawo ƙauyen da aka ɗebi ganyen, a bayyana shi da Hausa, kuma kwafin bayanan ya zauna a Nijar.

Ban da ja da fari, akwai dalilin gaggawa. Tsabtace iri ba yana nufin a mayar da albasar Maggiya duka abu guda ba. Bambancin da ke tsakanin irin wannan gida da na wancan shi ne abin da za a nema idan sabuwar cuta ko ƙarin zafi ya zo. Kuma irin albasa ba shi da tsawon rai irin na gero. A zafin Adar, bayan shekara guda tsirowarsa ta fara raguwa sosai, bayan biyu yawanci ya mutu. Gidan da ya bar nasa irin ya koma na gwangwani rani biyu a jere, tsatson da ya gada daga kakanni ya yanke, kuma ba wata na'ura da za ta karanta shi bayan nan.